Chapman (abin sha)

Chapman jan lemo ne mai sanyi da ake haɗawa a Najeriya, kuma yana cikin 'yan abubuwan sha na zamani da asalinsu na ƙasar ne. Ana haɗa shi da Fanta da Sprite, a zuba ruwan giranadin, wato zaƙin da ke ba shi jan launi, wanda tun asali da rumman ake yin sa. Daga nan sai ƙanƙara, da yankakken kokwamba, da lemon tsami ko na zaƙi. A al'ada, a babban kofin gilashi mai hannu ake kawo shi.

Labarin da ya fi yaɗuwa ya jingina asalinsa ga Ikoyi Club da ke Legas, kulob ɗin da aka kafa a 1938 lokacin mulkin Turawa, kuma sunan da ake yawan ambata a matsayin wanda ya fara haɗa shi shi ne Sam Alamutu, ma'aikacin otal. Game da sunan kuwa, ana cewa na wani mai zuwa kulob ɗin ne da ba ya rabuwa da wannan haɗi.

Abin da ke bambanta Chapman da sauran lemuka shi ne ɗan ɗacin Angostura, wani ruwa mai ɗaci da ake ɗiga masa, wanda likita Johann Siegert ya fara haɗawa a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, yanzu kuma a Tirinidad ake yin sa. A nan ne ya kamata mai sha ya kula: Angostura na ɗauke da barasa kashi 44.7 cikin ɗari. Ɗigo kaɗan ake sawa, amma ga Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wasu masu haɗa shi a Kudu ma har giya suke ƙarawa, don haka tambaya kafin a sha ta dace.

A Kano, Kaduna da Abuja ana samun sa a gidajen abinci da otal-otal da shagunan lemo. Ya samu gindin zama a liyafar biki da teburin buɗa-baki. Matan da ke haɗa shi a gida kan sa Ribena ko ruwan zoɓo a maimakon giranadin, kuma tsamin zoɓon na rage masa yawan zaƙi. Akwai kuma na kwalba, kamar Schweppes Chapman, sai dai ba ya da ƙamshin ɗanyen kokwamba.