Waiwaye: rigimar kwantar da faifan kwamfuta

Duk wanda ya taɓa riƙe laftof mai faifai irin mai juyawan nan zai tuna wata 'yar ƙara ƙas-ƙas da yake ji jefi-jefi, to allurar faifan ce take komawa makwancinta don a rage cin batir, kuma ƙarar nan ta taɓa tada ƙura ba kaɗan ba.

Abin ya faro tun 1992 da Intel da Microsoft suka fito da APM, wato tsarin tsimin wuta, lokacin BIOS, 'yar manhajar da take fara tada kwamfuta, shi ne mai cewa na'ura ta kwanta ko ta tashi. A 1996 aka zo da ACPI, sabon tsarin da ya gaji APM, da hannun Toshiba a ciki, wuƙa da nama suka koma wajen manhajar kwamfuta, direba, wato manhajar da take tuƙa kowace na'ura a cikin kwamfuta, ya riƙa sauke na'ura daga D0 da take ido biyu zuwa D3 da ta yi barci. Sai dai fa shi ma faifan yana da nasa hankalin da kamfani ya dasa mai, nan ne gizo ke saƙar.

A 2007 masu Ubuntu, wani nau'in manhajar Linux, suka leƙa lissafin da faifai yake ajiyewa kan lafiyarsa, wato SMART, layi mai lamba 193, suka ga allura tana kwanciya tana tashi ba ƙaƙƙautawa, alhali yawancin faifan laftof an ƙiyasta musu wajen sau 600,000 ne, mutum ya buga lissafi ya ga nasa zai cinye kason cikin 'yan shekaru, sai aka hau zagin Linux wai yana kashe faifai. Ni dai a ganina an ɗan zalunce shi, don sau da yawa saitin da faifan ya zo da shi ne mai zafin, laifin Linux ɗin bai taka mai birki ba. Maganin da ya zagaya shi ne buga umarnin hdparm -B 254 da yake hana faifai yawan kwantar da allura, batir ya ɗan sha wuya, faifai ma ya ƙara ɗumi.

Faifan WD Green na kamfanin Western Digital kuwa sakan 8 kacal yake jira ya kwantar da allura, sai da 'yar manhajar wdidle3 ake lallashinsa.

Da SSD, ma'ajiyar da babu abin da yake juyawa a cikinta, ta zo mun ɗauka an rabu da Bukar, ashe an haifi Habu. Babu allura yanzu, amma da Linux 4.11 ya kunna APST, tsarin da faifai yake kwantar da kansa, wa SSD irin NVMe a 2017 sai wasu faifan suka riƙa zurfafa barci su ƙi farkawa, kwamfuta ta nemi faifanta sama ko ƙasa ta rasa, dole masu direban suka buɗe jerin faifan da ake hana su barci mai nauyi, wasu na Samsung na ciki.