Yadda dokar Birtaniya ta tsara samar da lantarki daga iskar teku

A Birtaniya, ba gwamnati ce ke kafa injinan iska a cikin teku ba. Kamfanonin makamashi irin su Ørsted na Denmark da Equinor na Norway da SSE na Scotland su ne ke zuba jarinsu, ita kuwa doka ta tsara musu yadda za su samu fili da izini, da kuma farashin da za su sayar da wutar.

Maganar fili ba ta da sarƙaƙiya. Kusan dukkan ƙasar da ke ƙarƙashin teku, daga gaɓa zuwa nisan mil 12 na teku, tana hannun Crown Estate, hukumar da ke kula da kadarorin masarauta, sannan Dokar Makamashi ta 2004 ta ba ta ikon bayar da hayar wuraren samar da lantarki har zuwa nisan mil 200. Yankin Scotland yana da tasa hukumar daban. Kamfani ba ya sayen wurin, haya yake karɓa bayan ya yi takara da wasu.

Izini shi ne ke cin shekaru. A ƙarƙashin Dokar Tsare-tsare ta 2008, duk tashar da ke ruwan Ingila wadda ƙarfinta ya haura megawat 100 ana ɗaukar ta a matsayin babban aikin ƙasa, saboda haka ministan makamashi ne ke yanke hukunci bayan sufetoci sun saurari masunta da masu jiragen ruwa da ma'aikatar tsaro da mazauna garuruwan da wayoyin wutar za su ratsa. Ko tsuntsaye suna da masu kare musu haƙƙi a wannan zama. Da aka amince da tashar Hornsea 3 a ƙarshen 2020, an gindaya wa Ørsted sharaɗin ya rama wa wani tsuntsun teku mai suna kitiwek asarar da fukafukan injinan za su jawo masa, shi ya sa kamfanin ya kafa wa tsuntsayen gidajen sheƙa a kan turaku cikin ruwa, daura da gaɓar Suffolk da ke gabashin Ingila.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Iska kyauta ce, amma kusan dukkan kuɗin tashar ana kashe shi ne tun kafin ta ba da wuta, kuma akasarinsa bashi ne. Bankin da bai san nawa za a sayi wutar nan da shekara goma ba, dole ya tsawwala kuɗin ruwa. Wannan matsalar ce Dokar Makamashi ta 2013 ta magance, da ta ƙirƙiro kwangilar cike giɓin farashi. Kamfanoni suna miƙa tayinsu a rufe, waɗanda suka nemi farashi mafi ƙanƙanta su yi nasara, sai su ƙulla kwangila, wadda da farko ta shekara 15 ce, da wani kamfanin gwamnati mai suna Low Carbon Contracts Company.

Ga yadda lissafin yake. Tashar Hornsea 2 ta samu kwangila a 2017 a kan fam 57.50 na kowane megawat na awa guda. A ce kasuwa ta sayi wutar a fam 40, sai a cika wa tashar fam 17.50. In kuwa farashin kasuwa ya tashi zuwa fam 90, tashar ce za ta mayar da rarar fam 32.50. Wannan ɓangare na biyu masu sukar tsarin kan manta da shi, alhali kuwa ya yi aiki sa'ad da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2021 da 2022, inda tashoshi suka riƙa mayar da kuɗi. Ciko ba daga baitulmali yake fitowa ba, ana karɓarsa daga kamfanonin da ke sayar wa gidaje wuta, su kuma su ɗora a kan takardar kuɗin wuta. Ya kamata mai karatu ya lura cewa waɗannan alƙaluman duk bisa darajar fam ta 2012 suke, kuma ana ɗaga su kowace shekara gwargwadon hauhawar farashi, don haka abin da ake biya a zahiri ya fi haka.

Tsarin ya karya farashi ƙwarai. A gwanjon farko na waɗannan kwangiloli, a 2015, tashoshin teku sun samu tsakanin fam 114 da fam 120. A 2019 farashin ya sauko wajen fam 40, a 2022 ya kai fam 37.35.

A ganina wannan nasarar ce ta ruɗi gwamnati, ta ɗauka farashin ba ya da inda zai nufa sai ƙasa. Doka ta ba ta ikon ƙayyade iyakar da tayi ba zai wuce ba, sai ta tsayar da fam 44 a gwanjon 2023, a daidai lokacin da ƙarfe da jiragen aiki da kuɗin ruwa duk suka yi tsada. A watan Yuli na shekarar, kamfanin Vattenfall na Sweden ya dakatar da aikin tashar teku ta Norfolk Boreas, yana mai cewa kuɗin aikin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma da aka buɗe sakamakon gwanjon a Satumba, ba a samu tayi ko ɗaya na tashar da ake kafa turakunta a ƙasan teku ba. Gwamnati ta ɗaga iyakar zuwa fam 73, kamfanoni suka dawo a 2024 a kan abin da bai kai fam 59 ba. Duk da haka, a watan Mayun 2025 Ørsted ya janye daga aikin Hornsea 4 da ya ci a wannan gwanjon, kuma a shekarar ce gwamnati ta tsawaita wa'adin sababbin kwangilolin daga shekara 15 zuwa 20.