Ku fita tattakin bakin kogi, amma ku hana yara shiga ruwan

Ni ce na fara ba da shawarar nan, saboda haka ni ya kamata in fito in yi gyara tun abin bai fi haka ba. Na daɗe ina gaya wa masu hawan jini da masu ciwon sukari da ke zuwa ƙaramin asibitinmu cewa ƙwaya kaɗai ba za ta wadatar ba, sai sun haɗa da tafiyar ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin sa'a a kwana biyar. Manomin da ke yini a gona ba ya buƙatar wannan wa'azi, amma mai shago da malamin makaranta da matan da ba sa fita, da duk wanda babur ya sangarta har masallacin unguwa sai ya hau, su ne na matsa wa. Alhamdu lillahi, da yawa sun ji, har ana fita gida guda bayan la'asar, uba da uwa da yara, kuma na ga bambanci a awon jinin wasunsu.

Wurin tattaki kuwa Allah ya hore mana shi. Ruwan da ake saki daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, shi ne ke biyowa ta Wudil da ƙasar Ringim ya iso mana a Kogin Haɗeja, kafin ya bazu a fadamun da suka miƙa har Nguru. Kan jingar da aka yi don tare ambaliya hanya ce shimfiɗaɗɗiya wadda tsohuwa za ta bi riƙe da hannun jikanta ba tare da haki ba. Haka ma hanyoyin gefen kanal na aikin noman rani da ke Auyo, inda mutum zai yi tafiyar rabin sa'a tsakanin shinkafa da alkama da albasa, iska na kaɗa shi. Wanda ke da halin zuwa Baturiya a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma lokacin hunturu, zai nuna wa yaransa tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai suna sauka a wurin. Ban janye ko kalma ɗaya daga shawarata ba. Abin da ban ce ba, kuma ban taɓa cewa ba, shi ne a bar yara su tuɓe su faɗa ruwa.

Kwanakin baya wani dattijo daga cikin masu hawan jinin da nake dubawa ya shigo da jikansa, yaron bai wuce shekara tara ba, idanunsa sun yi fari, yana ta noƙewa a bayan rigar kakan. Na ba shi kwalba ya kawo fitsari, sai ga shi kamar an ɗiga zoɓo a ciki. Na tambayi yaron ko yana jin zafi, ya ce sai a ƙarshen fitsarin ne jinin ke ɗigowa, kuma ya fi wata biyu yana ɓoyewa. Na juya wurin kakan na ce, "Baba, ina yaron nan yake wanka?" Ya ce, "Malama, ai ke kika ce mu riƙa tattaki. Idan mun isa bakin kanal ni ina zama in huta, su kuma su ɗan watsa ruwa." Na ce, "Baba, tafiya na ce, ban ce iyo ba." Sai ya yi murmushi ya ce ai ba komai ba ne, su ma duk sun yi fitsarin jinin nan suna yara, alamar namiji ya fara girma ce.

Wannan magana ita ce ta fi komai ƙona mini rai, kuma ba daga bakinsa kaɗai na ji ta ba. Jama'a, fitsarin jini ba balaga ba ne. Tsargiya ce, cuta ce, kuma daga ruwan nan ake ɗaukar ta. Wace irin balaga ce ke zuwa wa yaro ɗan shekara bakwai? Wace irin balaga ce ke sa yaro ya rame, jininsa ya yi ƙasa, ya riƙa gyangyaɗi a aji? Don ta kama kaka ta kama uba ba shi ne ya mayar da ita gado ba. Ruwa ɗaya kuka shiga, shi ya sa cuta ɗaya kuka kwasa. Idan aka bar ta ta yi shekaru tana cin mafitsara, tana iya taɓa ƙoda, tana iya kai wa ga ciwon daji na mafitsara bayan mutum ya manyanta. 'Yan mata kuma nasu ya fi ɓoyuwa, domin kunya ba ta barin su faɗa, alhali cutar tana iya shafar al'aurarsu da mahaifa, sai an yi aure a fara yawon neman maganin abin da aka ɗauko a bakin kanal tun ana firamare.

Ba sai yaro ya sha ruwan ba, wannan ku riƙe shi da kyau. 'Yar tsutsar da ke fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a kachalla da ciyawar gefen ruwa ta fata take shiga, ido kuma ba ya ganin ta. Don haka uzurin da iyaye mata ke kawo mini cewa "ƙafa kawai ya tsoma" ba uzuri ba ne. Wanda ke cewa ruwan garai-garai yake, shi ma ba hujja ba ce. Sannan ga ɗaya rabin laifin, wanda manya ma suna ciki: mutum ya tsaya a bakin ruwa ya yi fitsari ko ya tsuguna ya yi bahaya, da haka ne ƙwan cutar ke komawa ruwan, ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga dodon koɗi ta jira ɗan wani. Tun kafin mu zo da kwalabenmu na gwaji, Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye, kuma babu wanda bai ji wannan a makarantar allo ko wurin karatu ba.

Na san zafin bazara, na kuma san yadda ruwa ke kiran yaro. Ni ma a ƙauye na tashi, na yi wasan kududdufi har sai da aka zo da bulala. Masunci da mai dashen shinkafa da matar da ba ta da wurin wanki sai bakin kogi, waɗannan ina tausaya musu, sana'a da lalura ne suka sa su, kuma abin da nake roƙon su shi ne takalmin roba mai tsawo da shan magani a kan kari. Amma yaron da aka fito da shi shan iska, ga ubansa a zaune yana kallo, wace lalura ce ta sa shi cikin ruwa? Kun fito neman lafiyar mutum ɗaya, kun koma gida da cutar mutum uku.

Magani akwai shi, sunansa Praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu bayan an auna tsayin yaro da sanda, kuma yana aiki. Sai dai ba rigakafi ba ne: yaron da ya sha yau ya koma kanal jibi, ya sake ɗauka. Wasu iyayen kuma ranar rabo suke hana yara zuwa makaranta, wai maganin na sa jiri da ciwon ciki, alhali yawanci don an sha shi da yunwa ne, kuma yana wucewa. Dattawanmu sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da magidanci damina guda. Ba allura ce ta kore shi ba, tace ruwan sha da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki ne suka yi aikin, har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013.

Ban ma yi maganar nutsewa ba. Gefen kanal yana da santsi, ruwan yana da ƙarfin da ba a gani daga sama, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin nan ba sai an gaya masa abin da kogin ke iya yi da damina ba.

Ga abin da nake so, a taƙaice:

- Ku fita da sassafe ko bayan la'asar, ku bi kan jinga ko hanyar gona, kowa da takalmi saboda macizai da ƙaya.
- Ku tafi da ruwan sha daga gida, yara su yi fitsari kafin a fita.
- Babba ya bi ta ɓangaren ruwa, yaro ta ɓangaren gona, kuma ba wanka, ba iyo, ba tsoma ƙafa.
- Idan dole da ruwan kogi za a yi wanka a gida, a tafasa shi ko a ajiye shi kwana biyu.

Duk wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ko 'yarsa, ko yaron na kukan zafi wajen fitsari, ya kawo shi asibiti mafi kusa a makon nan, tare da sauran yaran da suka yi wankan tare, domin da wuya a samu ɗaya kaɗai a gida. Ku tambayi 'yan matan a keɓe, uwa ce za ta yi wannan, ba uba ba. Kuma don Allah ku ba su abinci su ƙoshi kafin ku taho, kada mu ba da magani a kan cikin da babu komai.