Tsohuwar kwamfutar ofis da ƙaramin aljihu: me za a canza, me za a bari?

Kwamfutocin teburin da ma'aikatu da kamfanoni ke sallama bayan sun ci moriyarsu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, suna da ƙarko. An ƙera su ne don su wuni a kunne shekara da shekaru. Da wuya su mutu, nauyi kawai suke yi. Wanda ya mallaki irinsu kuma kuɗinsa ba su da yawa, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: a ina zan sa ɗan abin da nake da shi don in ga bambanci?

Kwamfutata tana ɗaukar minti uku kafin ta tashi, kuma komai na danna sai ta yi tunani. Daga ina zan fara?

Kada ka sayi komai tukuna. Kunna ta, ka buɗe ayyukan da ka saba yi, sannan ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai fito. Shiga shafin Performance ka zuba ido na ɗan lokaci a kan abubuwa uku: CPU (furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar), Memory (RAM, inda take riƙe ayyukan da ke buɗe) da Disk (faifan ajiya). Duk wanda ya maƙale a kusa da kashi 100 yayin da sauran ke hutawa, shi ne mai riƙe maka ƙafa.

A irin waɗannan kwamfutoci, mafi yawan lokuta Disk ne. Mutane kan ɗora wa furosesa laifi, alhali ita tana zaune tana jiran faifai ya miƙo mata aiki. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Tun da ka buɗe shafin, rubuta sunan furosesar a takarda, misali i5-3470 ko i5-6500. Lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubinta: 3470 zubi na uku ce, ta 2012, 6500 zubi na shida ce, ta 2015. Duk shawarar da za ka yanke nan gaba a kan wannan lamba ta dogara.

Kowa sai ya ce in sa SSD. Da gaske bambancin ya kai haka?

Ya kai, har ya wuce. Tsohon faifan ajiya, wato HDD, faranti ne na gaske a ciki da ke juyawa sau 7,200 a minti, da wata allura mai kai-kawo tana neman inda aka ajiye bayani. Kowane nema yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ka ce wannan ai ba komai ba ne, amma Windows tana buɗe dubban ƙananan fayiloli kafin ta tashi, to ka lissafa. SSD, sabon nau'in ma'ajin bayanai, ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, don haka jiran nan ya zama kusan babu. Wajen kwafe babban fayil ma, HDD yana yin megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD mai wayar SATA kuwa yana kai wa 500 da ɗoriya.

Na taɓa yi wa wata OptiPlex mai furosesa zubi na uku wannan aiki. Mai ita ya riga ya yanke ƙauna, har ya ɗora mata tarin takardu a ka. Na zare murfin gefe, na cire wayoyi biyu daga bayan tsohon faifan, siririya ta bayanai da mai faɗi ta wuta, na soka su a SSD. Babu ma wurin ɗaure shi da sukuru, sai na liƙa shi a jikin ƙarfen da tef mai gam biyu, kuma babu laifi a hakan tun da ba ya girgiza. Da muka ɗora Windows muka kunna, mutumin bai gama gyara zama a kujera ba ta riga ta tashi.

Nemi SSD mai girman inci 2.5, na SATA. Gigabait 240 ko 256 ya ishi Windows da manhajojin ofis. Idan aljihu ya yarda, ɗauki 480 ko 512. Tsohon faifan kuma kada ka yar, bar shi a ciki ya zama rumbun hotuna da bidiyo. Game da NVMe, wani nau'in SSD da ya fi sauri: sai idan babban allon kwamfutar yana da gurbin M.2 da ke karɓar sa. Tsofaffi na zubi na biyu zuwa na huɗu galibi ba su da shi, kuma ko ka sa shi ta adafta, yawancinsu ba za su tashi daga kansa ba.

In kwafe tsohuwar Windows zuwa SSD, ko in ɗora sabuwa?

Ni sabuwa nake ɗorawa. Kwafewa da manhaja irin Clonezilla tana yiwuwa, sai dai za ka kwaso har da tarkacen shekaru. Filash mai gigabait 8 ya isa a haɗa abin ɗorawa daga shafin Microsoft. Kwamfutocin kamfani da suka fito da Windows 8 zuwa sama lasisinsu yana cikin babban allo, shi ya sa sau da yawa ba a tambayar ka lamba. Kafin komai dai, kwashe fayilolinka zuwa wani wuri.

RAM fa? Nawa ya isa?

Gigabait 4 ya yi kaɗan a yau. Burauza kaɗai, idan ka buɗe shafuka goma, za ta lashe shi. Takwas ya isa aikin rubutu da lissafi da intanet. Sha shida na mai gyaran hoto ne ko mai buɗe abubuwa da yawa lokaci guda. Idan Memory a Task Manager ba ya wuce kashi 70 a ranar da ka fi aiki, ƙarin ba zai tsinana maka komai ba.

Inda ake yin asara shi ne wajen saye. Nau'o'in RAM, DDR3 da DDR4, ba sa shiga gurbin juna, tsagin da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya yake ba, don haka kada ka danna da ƙarfi. Zubi na biyu zuwa na huɗu DDR3 suke ci. Daga na shida yawancinsu DDR4, kodayake akwai 'yan kaɗan masu DDR3L. Ƙananan nan masu girman littafi kuma gajeren RAM irin na laftof suke ɗauka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka cire wanda ke ciki, ka karanta takardar da ke liƙe a jikinsa, ko ka tafi da shi wurin saye. Guda biyu masu girma ɗaya sun fi guda ɗaya babba, domin kwamfutar tana ɗiba daga biyun a tare. Kuma idan Windows ɗinka 32-bit ce, ba za ta ga fiye da gigabait 4 ba ko nawa ka sa. Sai ka koma 64-bit.

Zan iya canza furosesa daga i5 zuwa i7?

Za ka iya, matuƙar ta dace da soket ɗin, wato mazauninta a babban allo, amma da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daga i5-4570 zuwa i7-4790, mai aikin ofis ba zai ji wani abu ba. Inda canjin ke da ma'ana shi ne daga Pentium ko Celeron ko i3 zuwa i5 ta zubi ɗaya. Ka tuna zubi na biyu da na uku soket LGA1155 ne, na huɗu LGA1150, ba sa musanya.

Ina son in ɗan buga gem ko in haɗa bidiyo. Katin girafik zai shiga?

Nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta, don haka a bi a hankali. Abu biyu ne ke tare hanya: girman akwati da ƙarfin wuta.

Akwatin da ake kira SFF, siririn nan mai kwanciya a ƙarƙashin monita, ba ya ɗaukar cikakken kati. Sai gajere, wanda ake rubuta wa "low profile" a kwalinsa, kuma ka tabbata ɗan gajeren ƙarfen da ake ɗaure shi da shi yana ciki. A wasu ma gurbin yana manne da akwatin wuta, ta yadda kati mai kauri ba zai zauna ba. Auna da ma'auni kafin ka biya.

Akwatin wutar waɗannan kwamfutoci ƙarami ne, yawanci tsakanin wat 180 da 255, kuma ba shi da wayar da ake ba manyan katuna ƙarin wuta. Ke nan sai katin da ke shan wutarsa daga gurbi kawai, wanda iyakarsa wat 75 ce. GT 1030 yana shan kusan wat 30, RX 6400 kusan 53, gajeren GTX 1650 kuma 75. Shi GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya: mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba. Sai ka ce to in canza akwatin wutar mana. A yawancin Dell da HP na bayan 2013, kan wayar da ke shiga babban allo nasu ne na kansu, ba irin mai fil 24 da kowa ke amfani da shi ba. Akwai adafta, amma daga nan kashe kuɗi ya fara wuce darajar kwamfutar.

Wanda buƙatarsa monita biyu ce kawai, ya leƙa bayan kwamfutar tukuna. Da yawa suna da gurbin monita na DisplayPort ɗaya ko biyu ban da na VGA, waya kawai zai saya.

Akwai abin da zan yi ba tare da kashe kuɗi sosai ba?

Akwai. Zare wayar wuta daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wutar ta fita, taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Sai ka kakkaɓe ƙura daga fanka da haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa, da busasshen burushi ko iska. Furosesar da ta yi zafi rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone. Idan fankar tana ihu ko bayan sharewa, mai yiwuwa man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe. Goge shi, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Idan agogo da kwanan wata suna rikicewa duk lokacin da aka kashe wuta, batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu, CR2032 sunansa. Akwatin wuta shi kam kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta ko bayan an zare waya.

In sayi kayan hannu?

RAM da furosesa na hannu ba su da matsala, da wuya su lalace, a gwada maka kawai a gabanka. SSD kuwa yana tsufa da yawan rubutu, gara sabo daga kamfanin da aka sani. Idan dole sai na hannu, a buɗe CrystalDiskInfo ka ga lafiyarsa da awannin da ya yi aiki. Katin girafik mai arahar da ta wuce hankali ka guje shi: akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a ciki su riƙa nuna kansu a matsayin sababbi.

Bayan duk wannan, za ta ɗauki Windows 11?

Idan furosesar Intel ce zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, kuma akwai TPM 2.0, wato guntun tsaro da Windows 11 ke buƙata, galibi za ta ɗauka. Ƙasa da haka, ban da 'yan ƙalilan, Microsoft ba ta amince ba. Akwai dabarun tsallake shingen, amma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Ita kuma Windows 10 an rufe tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Mai zubi na uku ko na huɗu wanda aikinsa bai wuce burauza da rubutu ba, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, za ta yi masa, kuma kyauta ce. Sai dai ya fara gwada firintarsa da ita daga filash kafin ya goge komai.

Yaushe zan haƙura da ita?

Idan mai tsohuwar furosesa Core 2 Duo ce da RAM na DDR2, ko ka ga ƙananan gwangwanayen da ke kan babban allo sun kumbura, ko tana mutuwa da kanta bayan ka share ƙura, kada ka ƙara mata ko sisi. Haka idan jimillar kayan da ka lissafa ta kusa kuɗin wata kwamfutar ofis ta hannu mai zubi na takwas: sayi waccan. SSD ɗin da ka riga ka saya sai ka zare shi ka mayar cikinta, wayoyin iri ɗaya ne.