Yaro ya suma yana tsaka da wasa: farfaɗiya ce ko zuciya?

Yaro lafiyarsa ƙalau ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo. Ina ruwan zuciya?

Zuciya da siginar lantarki take bugawa, wasu yaran kuma sukan gaji matsala a wannan tsarin. Hoton zuciyar zai fito lafiya lau, amma bugun kan rikice farat ɗaya, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa. Wanda aka fi sani shi ne ciwon Long QT, da ke samun kusan mutum 1 cikin 2,000. Akwai kuma wasu cututtukan bugun zuciya na gado, CPVT da Brugada wanda aka fara bayaninsa a 1992.

Ta yaya za a bambanta shi da farfaɗiya?

A nan ake yawan yin kuskure, domin yaron kan sandare, ya yi fizge-fizge, sai a ce farfaɗiya ce ko iska. A tambayi abin da yake yi lokacin da ya faɗi. Gudu? Iyo a rafi? Ƙarar waya ce ta firgita shi daga barci? Irin waɗannan ne kan tayar da Long QT da CPVT, Brugada kuwa zazzaɓi ke tono shi. Sai a bincika dangi: wani matashi ya taɓa kwanciya lafiya aka wayi gari babu shi? Akwai wanda ya nutse alhali gwanin iyo ne? Kurman yaro mai yawan suma ma abin zargi ne, tun 1957 likitoci a ƙasar Nowe suka gano alaƙar. Duk irin wannan yaron bai kamata ya bar asibiti ba sai an yi masa ECG, wato gwajin siginar lantarkin zuciya.

In numfashinsa ya ɗauke fa?

A fara danna ƙirji nan take, sau 100 zuwa 120 a minti, a nemo na'urar da ke ba zuciya shokin. Yayyafa ruwa ɓata lokaci ne. A ɗakin gaggawa, in Long QT ne ya birkita bugun, ana ba da magnesiyam ta jijiya, a gyara fotasiyam, wanda amai da gudawa ke zubarwa. A CPVT kuwa allurar adrenalin na iya ƙara dagula lamarin.

Akwai magungunan gujewa?

Akwai, ga mai Long QT: kwinin, kulorokwin, erythromycin, azithromycin da ondansetron, wato maganin tsayar da amai. Kada a saya wa mai Long QT maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis ba da sanin likita ba.

Sauran 'yan gidan fa?

A gwada iyaye da 'yan'uwa. A yawancin nau'o'in, damar kowane ɗa ya gada kashi 50 ce cikin 100. A Long QT da CPVT, magunguna irin su nadolol da propranolol suna rage haɗarin sosai, muddin ba a tsallake sha.