Waiwaye: Yadda Masana Suka Fara Ƙirga Halittun da Suka Ƙare

Har ƙarshen ƙarni na 18, yawancin masana a Turai ba su yarda wani nau'in halitta zai iya ƙarewa ƙarƙaf ba. In an tono ƙashin dabbar da ba a sani ba, sai a ce ai tana can a wani ƙungurmin daji. Georges Cuvier ne ya kashe bakin maganar a Faris a 1796. Ya jera haƙora da muƙamuƙin wata tsohuwar giwar Siberiya kusa da na giwar Afirka da ta Indiya, ya nuna jinsinta daban ne. Dabba mai wannan girma kuwa ina za ta ɓuya?

A 1982 masana biyu, Raup da Sepkoski, suka gano daga burbushin halittun teku cewa sau biyar aka yi gagarumar ƙarewar halittu a tarihin duniya, mafi muni shekara miliyan 252 da suka wuce.

Ƙirgen na yanzu ne mai wuya. Tattabarar Amurka mai ƙaura an san ranarta: ta ƙarshe ta mutu a gidan namun dajin Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914. Ba kasafai ake samun haka ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, mai riƙe da Jan Kundi (jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa) tun 1964, a da takan ɗauki halitta ta ƙare in an yi shekara 50 ba a gan ta ba. A 1994 ta sauya: sai an bincike mazauninta kaf, a lokacin da ya dace da rayuwarta. Gaggawa tana da tsada. Wani ɗan tsuntsun tsibirin Cebu a Filifins an fid da rai da shi, aka daina kula da dajinsa, sai ga shi a 1992 cikin ɗan guntun da gatari ya bari.

Ƙwari kuwa ba sa ƙirguwa, sai kintace. Tun aikin masana MacArthur da Wilson kan tsibirai a 1967 ake amfani da faɗin wuri: in kashi 90 cikin 100 na daji ya tafi, kusan rabin nau'o'insa za su bi shi. Amma ba nan take ba. Bishiyar da ta daina hayayyafa kan yi shekaru a tsaye. Adadin miliyan 1 da rahoton 2019 na IPBES, kwamitin ƙasashen duniya kan halittu, ya ce suna bakin ƙarewa ma kintace ne, daga ƙiyasin nau'i miliyan 8, alhali waɗanda aka raɗa wa suna kimanin miliyan 2 ne.