Lissafin da Ka Manta Bai Ɓace Ba

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa an daɗe ana cewa wanda ya jima da barin makaranta, shi da lissafi sai dai a lahira, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ta hana magidanta da matan aure da dama komawa ajin yaƙi da jahilci.

Ba haka abin yake ba. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa sake koyon abin da aka manta ya fi koyon farko sauri, domin burbushinsa yana nan a ƙwaƙwalwa.

Dubi mai awo a kasuwar Wudil ran Juma'a. Buhu kwano 40, ya cire kuɗin dako da la'ada, ya faɗi ribarsa da ka kafin yaron da ke latsa waya ya gama. Shi ne kuma zai rantse maka bai iya lissafi ba! Abin da ya kuɓuce masa na takarda ne: inda ake ajiye lamba, da yadda ake rabawa a rubuce. Sai ya fara da haddar biyu sau biyu, kaɗan-kaɗan kullum bayan Magariba, don hakan ya fi zaman yini guda a mako.